Lissafin Makin Rai a Wasan Dungeons & Dragons

Duk ɗalibin da ya tashi a Kado ko Jabi ya san ludo, ya kuma san ƙwayar da ake jefawa mai fuska 6. Akwai wani wasan tebur da ake yi da irin wannan ƙwaya, sai dai shi ya fi kama da tatsuniya. Sunansa Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro shi, aka fara buga shi a Amurka a shekarar 1974. Mutum ɗaya yakan ba da labari, sauran 'yan wasa kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Wasannin tebur ba baƙi ba ne a Abuja. Kamfanin NIBCARD Games da ke birnin har ya ci lambar yabo ta Diana Jones a shekarar 2021.

Kowane jarumi yana da adadin da za mu kira makin rai. Idan aka sare shi, ko ya faɗa rami, sai a rage masa maki. Da zarar makin ya ƙare, jarumi ya faɗi sumamme, kuma yana iya mutuwa in ba a kawo masa ɗauki ba. Ke nan kuskuren lissafi yana iya raba ɗan wasa da jarumin da ya yi watanni yana reno.

A ƙa'idojin bugu na 5, wanda ya fito a 2014, abu biyu ake dubawa: sana'ar jarumi da juriyarsa. Sana'a ce take nuna ƙwayar da zai yi amfani da ita. Ta mayaƙi tana da fuska 10, ta ɓarawo 8, ta matsafi kuwa 6. Juriya lamba ce da ake rubuta wa jarumi tun farko, daga gare ta ake fitar da ƙari. A cire 10 daga lambar, a raba abin da ya rage gida biyu. Juriya 14 tana ba da ƙarin 2. Juriya 15 ma 2 take bayarwa, domin idan an sami rabi, lambar da ke ƙasa ake ɗauka. Mai juriya 8 kuwa ragi zai samu, za a cire masa 1.

Mu ɗauki wani mayaƙi, mu sa masa suna Barde, juriyarsa 14. A mataki na 1 ba a jefa ƙwaya. Ana ba shi lamba mafi girma, wato 10, a haɗa da ƙarin 2, ya tashi da maki 12.

Duk sa'ad da ya hau sabon mataki, ɗan wasa yana da zaɓi: ko ya jefa ƙwaya, ko ya karɓi tsayayyen adadi, wanda ga mayaƙi 6 ne. Wanne ya fi? Ku tara lambobi daga 1 zuwa 10, za ku sami 55. Ku raba gida 10, ya zama 5 da rabi. Ashe mai karɓar 6 ya ɗara mai jifa da rabin maki a matsakaicin lissafi. A ganina karɓar 6 ya fi hikima, ko da yake matasa sun fi son jifa saboda kwaɗayin 10, suna mantawa cewa 1 ma tana jikin ƙwayar.

Idan Barde ya zaɓi tsayayyen adadi, kowane sabon mataki zai kawo masa 6 da 2, wato 8. Daga mataki na 1 zuwa na 5 hawa huɗu ne, ba biyar ba, kuma a nan masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Takwas sau huɗu 32 ke nan. A haɗa da 12 na farko, makinsa ya zama 44.

Saura ƙa'ida ɗaya. Idan juriyar Barde ta ƙaru zuwa 16, ƙarinsa ya koma 3, kuma ana lissafa wannan tun daga matakin farko. Saboda haka a mataki na 5 zai sami maki 5 a kan 44, ya zama 49.

To, ga naku aikin. Wata jaruma ɓarauniya ce, ƙwayarta mai fuska 8, tsayayyen adadinta 5, juriyarta 13. Nawa ne makin ranta a mataki na 3? Ku rubuta amsar da kalmomin Hausa, ba da lambobi ba.