Tanki, rariya da filta: gaskiya da ƙarya a hirar gareji

Tsohuwar Hilux ta ɗauko masara daga Saminaka, ta zo hawan tudu sai ta fara shaƙewa tana fizga, direba ya taka totur ta ƙi amsawa. Ya gangara gefen titi, ta huta minti goma, ta tashi kamar ba ita ba. Kafin a isa gareji an riga an yanke hukunci: "Oga, famfon mai ne ya mutu." Sau da yawa famfon lafiyarsa ƙalau. Datti ne ya taru a bakin rariyar da ke cikin tanki ya hana mai wucewa. Da inji ya mutu zuƙa ta tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa, shi ya sa ta sake tashi. A sa sabon famfo a wannan tanki, bayan 'yan makonni a sake dawowa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Maganar da ta fi yawo ita ce idan ka bar mai ya yi ƙasa, mota za ta zuƙo dattin gindin tanki. Yadda ake faɗarta ba daidai ba ne. Bututun da ke jan mai a gindin tanki bakinsa yake, ko tankin cike yake fal ko saura kwalba ɗaya, daga can ƙasa yake sha kullum. Amma shawarar da ke bayan maganar mai kyau ce, dalilanta ne daban. A motocin fetur masu injekta, irin Hilux mai injin 2TR, famfon lantarki yana nutse a cikin tanki, man ne ke sanyaya shi. Mai yawo da wutar ƙarewar mai a kunne kullum yana gasa famfonsa da hannunsa. A na gas kuwa, mai kaɗan yana tangal-tangal a kwana ko a gargada, bututu ya shaƙi iska, inji ya mutu. Sannan tankin ƙarfe da ke zama rabinsa iska yana yin gumi daga ciki, musamman da damina, gumin ya gangara ya kwanta ƙarƙashin mai, tsatsa ta kama. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da yawa ba sa iya cika tanki, sai dai a zuba na tafiyar yau. Wannan kuwa tankin ba ya so.

Sai masu cewa filta ita ke rage wa mota ƙarfi, a cire ta ko a huda ta da ƙusa mota ta sake. Lallai za ta sake, na ɗan lokaci. Filtar da ta toshe aikinta ta yi, duk abin da ta riƙe da kafireta ko nozul zai tafi. Matata biyu ne a hanyar mai, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Rariyar cikin tanki tana tare manyan ɓarɓashi, yashi da ɓawon tsatsa, don kada su ci famfo. Filta ta takarda tana tare ƙurar da ido ba ya gani, wadda ta fi silin gashi ƙanƙanta ninkin-ba-ninki. Rariya ana wanke ta a mayar in ba ta yage ba. Filta ta takarda ba a wanke ta. Yaron gareji zai jiƙa ta da fetur, ya hura mata iskar kwamfiresa, ya ɗaga ta sama ya ce ta dawo sabuwa. Abin da ya faru shi ne iskar ta yaga takardar, ta buɗe wa datti ƙofa.

Tsofaffin motoci masu kafireta, kamar Peugeot 504 a-kori-kura da aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, ko Hilux mai injin 22R, suna da haƙuri. Datti ya shiga, a kwance kafireta a wanke jet, shi ke nan. Injin gas ba ya yafe wannan. Hilux mai 3L ko 5L tana da famfon injekta wanda man gas ɗin kansa ne ke yi wa ƙarfen cikinsa maiƙo. Ruwa ya shiga, ƙarfe ya goge ƙarfe, tsatsa ta biyo baya, kuma gyaransa ya ninka kuɗin filta sau da yawa. Shi ya sa a ƙasan filtar waɗannan motoci akwai ɗan makunni na zubar da ruwa, a samanta kuma akwai famfon hannu da ake dannawa. Ka sassauta na ƙasa, ka danna na sama, ka tara abin da ya fito a farar kwalba ka ajiye ta minti biyu. Za ka ga gas a sama, ruwa ya kwanta a ƙasa da layi a tsakaninsu, wani lokacin har da wani baƙin yauƙi, wanda ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a mahaɗar ruwa da gas. Fitilar gargaɗin ruwa da ke gaban direba ba ado ba ce, ko da yake na ga motocin da aka cire mata waya don wai tana damun mutane.

Daga nan za a gane matsayin zancen haɗa gas da kananzir don arha. Inji zai tashi, amma kananzir ba shi da maiƙon gas, famfon injekta ne ke biyan bashin. Ƙwallayen kafur da wasu ke jefawa a tanki wai don ƙara ƙarfi, ba ƙarfin da suke ƙarawa, wanda bai narke ba ma yana iya zama a bakin rariya. Sukari kuma, da ake cewa maƙiyi zai zuba maka ya narkar da inji, ba ya narkewa a fetur. Kwanciya yake a gindin tanki kamar yashi, iyakarsa ya toshe rariya da filta. Ɓarna ce, amma ta sauke tanki ce, ba ta sauke inji ba.

Akwai abin da filta ba ta iyawa, kuma nan masu cewa "ai na sa sabuwar filta, ko man wa na sha lafiya" suke kuskure. Filta tana tare abin da ke yawo a cikin mai, ba ta tare abin da ya narke a cikinsa. A farkon 2022 aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, hukumomi suka janye shi daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo a Abuja da Legas. Irin wannan mai yana ratsa sabuwar filta salin-alin, ya je ya ci roba da tiyo. Haka man 'yan bumburutu in an yi masa gauraye: ƙyallen da ake ɗaurawa a bakin mazurari yashi kawai yake tarewa.

Batun kada a sha mai lokacin da tanka ke juye a gidan mai yana da tushe. Juyen yana tayar da laka da ruwan da suka kwanta a rumbun ƙasa. Inda ake kula da matatun famfo ba matsala, amma daga bakin titi ba ka da hanyar sani, don haka wucewa gaba ya fi.

Murfin tanki ma ana raina shi. Tankin tsohuwar mota yana buƙatar iska ta shiga ta maye gurbin man da ya fita. In hanyar iskar ta toshe, mota ta yi tafiya ta mutu, ka buɗe murfi ka ji ya ja iska "fuuu", ta tashi nan take. Tsumma ko leda a madadin murfi kuwa ƙurar hunturu da ruwan sama suke gayyatowa kai tsaye.

Ƙaryar da ke kisa ita ce wai tankin da aka juye aka ɗauraye da ruwa da omo ya yi lafiyar walda. Ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska, kuma tankin da babu komai ciki shi ne cike da wannan gauraye. Fetur yana maƙalewa a haɗin ƙarfe da ƙarƙashin tsatsa, zafin walda ya tayar da shi, tanki ya tashi da mai walda. Zura tiyo daga salansar wata mota don hayaƙinta ya kori tururin ma ba tabbas ba ne. Masu aikin da gaske suna turara tankin da tururin ruwa mai zafi na dogon lokaci, su auna ko tururin mai ya ƙare, ko su cika shi da iskar da ba ta kama wuta kafin a kusanto shi da tartsatsi. Inda babu waɗannan kayan aiki, a nemo wani tankin a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka, a haska cikinsa da tocila a duba tsatsa kafin a biya, a ɗaura shi da sabuwar rariya da sabuwar filta a rana ɗaya.