Ƙaramar Katafila a Harabar Gida: Sauƙin Haya da Abin da Ya Biyo Baya

A unguwannin Amurka, ba abin mamaki ba ne a ga magidanci ranar Asabar da safe ya ɗauko ƙaramar katafila daga shagon haya, yana jan ta a tirela. Kafin faɗuwar rana ya tumɓuke kututture, ya haƙa magudanar ruwa, ya baje filin da zai yi wa daɓe. Aikin da a da sai an kwana biyu ana fama da diga da shebur da baro, yanzu mutum ɗaya ke gama shi.

Asalin waɗannan injuna daga ƙuncin wuri ne. A 1957, wasu 'yan'uwa biyu maƙera a jihar Minnesota, Louis da Cyril Keller, suka ƙera wa wani mai kiwon talotalo ƙaramin injin kwasar kashin tsuntsaye, wanda zai iya juyawa tsakanin ginshiƙan rumfa. Kamfanin Melroe ya karɓi aikin, kuma a 1962 aka laƙaba wa injin sunan Bobcat. A Japan, inda tituna da filaye ke da matsi, Yanmar ya fitar da ƙaramin injin haƙa a 1968, sannan Takeuchi ya kawo mai juyawa ta kowane ɓangare a 1971. A yau akwai masu nauyin kusan tan 1, waɗanda ke tsuke ƙafafunsu zuwa kimanin santimita 70 su bi ta ƙofar lambu.

Babban abin da ya raya hayar shi ne tsadar ƙwadago. Inda ladan lebura na yini ya yi nauyi, injin ya fi araha, amma sayensa asara ce ga wanda zai yi amfani da shi sau ɗaya a shekara. Nan kamfanonin haya suka samu kasuwa, irin su United Rentals da aka kafa a 1997, da Sunbelt, da shagunan Home Depot. Sarrafa injin ma ya yi sauƙi, sanduna biyu ne a hannu, kuma galibi ba a neman wani lasisi na musamman daga mai aiki a filinsa. Ya nuna katin shaida, ya ajiye kuɗin jingina, a yi masa ɗan bayani a bakin shago, shi ke nan.

Amfanin a fili yake. Ƙananan 'yan kwangila na karɓar aikin da ya fi ƙarfin jarinsu, magidanta kuma na rage kashe kuɗi.

Sai dai haɗarin da a da ke wuyan ƙwararru yanzu ya koma kan wanda bai taɓa hawa inji ba. Na farko shi ne abin da ke binne a ƙasa. Amurka ta ƙaddamar da lambar waya 811 a 2007, wadda ake kira kyauta kwanaki kaɗan kafin a fara haƙa. Ma'aikata su zo su fesa fenti ko su kafa tutoci: ja na wayar lantarki, rawaya na bututun gas, shuɗi na ruwan sha, ruwan lemo na wayoyin sadarwa. Kusa da alamar, da shebur ake tonawa a hankali. Amma layin da mai gida ya ja da kansa zuwa gareji ko fitilar lambu yawanci ba ya cikin wannan alama, kuma haƙoran bokitin injin ba sa bambance saiwa da bututu.

Na biyu shi ne nauyin ƙasar kanta. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta wajabta a tokare ko a kwantar da bangon ramin da ya kai zurfin ƙafa 5, domin ƙasar da ta kai yadi ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi na iya yin nauyin mota. A 2022 ma'aikata 39 suka rasu a irin waɗannan ramuka a Amurka. Dokar kuwa kan masu ɗaukar ma'aikata take, ba ta bin magidancin da ya shiga ramin da ya haƙa a gidansa. Ga kuma kifewar inji a kan gangara, inda ƙarfen kariya ba ya ceton wanda bai ɗaura bel ba.

Akwai ɓarnar da ba ta bayyana nan take. Kai-komon injin a jiƙaƙƙiyar ƙasa na danne ta har ruwa ya kasa nutsewa, saiwar bishiya da aka datse kan kashe ta bayan shekaru, gangaren da aka karkata ba daidai ba kuma ya tura ruwan sama gidan maƙwabci ko gindin ginin magidancin kansa.

Alamu na nuna hayar za ta ƙara yaɗuwa. JCB ya fara sayar da ƙaramin injin haƙa mai aiki da batir a 2019, mai ƙarancin ƙara kuma marar hayaƙi, injuna masu araha daga Sin kuma na ta shigowa kasuwa. Horon mai haya ne har yanzu ke baya, ga shi yarjejeniyar da yake sa wa hannu galibi kansa take ɗora alhakin duk bututun da ya fasa.