Koyon Rubuta Manhaja Don Tace Bayanan Kundin Gadon Halitta

Kundin gadon halittar ɗan Adam, wanda masana ke kira jinom, dogon rubutu ne mai haruffa kusan biliyan 3, dukkansu daga cikin huɗu: A, C, G da T. An fara aikin karanta shi gaba ɗaya a 1990, aka kammala a 2003, bayan an kashe kusan dala biliyan 3. A yau injin zamani yana karanta jinom ɗin mutum guda cikin kwana ɗaya ko biyu, a kan kuɗin da bai kai dala 1,000 ba. Karatun ya yi araha, sai wahalar ta koma ga tace abin da aka karanta, kuma wannan aiki ne na mai iya rubuta wa kwamfuta umarni.

Injin ba ya karanta jinom daga farko zuwa ƙarshe. Gutsuttsura shi ake yi, kowane guntu mai haruffa kamar 150, kuma ana so a karanta kowane gurbi sau 30 don kauce wa kuskure. Hakan kan haifar da guntaye kusan miliyan 600 daga mutum guda, a fayil mai suna FASTQ, wanda girmansa kan kai gigabait 100. Manhaja irin BWA ce ke mayar da kowane guntu gurbinsa a kan jinom ɗin da aka ɗauka ma'auni, sakamakon ya shiga fayil na BAM. Daga nan GATK ko makamanciyarta ta fitar da wuraren da mutumin ya bambanta da ma'aunin, wurare miliyan 4 zuwa 5, a fayil na VCF. Harafi ɗaya daga cikinsu na iya zama tushen cuta. Amosanin jini, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi, ya samo asali ne daga sauyin A zuwa T a ƙwayar gado ta HBB.

Manhajojin ofis ba sa ɗaukar wannan kaya. Shafin Excel yana tsayawa a layi 1,048,576, bai kai VCF na mutum ɗaya ba. Yana kuma ɓata bayanai a ɓoye: yakan mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin SEPT2 da MARCH1 zuwa kwanan wata. Matsalar ta yi yawa har kwamitin da ke raɗa sunayen ya sauya su a 2020, suka koma SEPTIN2 da MARCHF1.

Matakin farko ga ɗalibi shi ne Linux, domin a kansa manyan kwamfutocin bincike suke aiki. Da ƙananan umarni irin grep, awk da sort, yana iya ƙirga ko zaƙulo layuka daga fayil ba tare da ya buɗe shi duka ba. Sai harshen Python, wanda ake amfani da shi wajen tsara bayanai da haɗa ayyuka, da kuma R, wanda ya fi ƙarfi a ƙididdiga da zane, musamman ta tarin manhajojin Bioconductor.

Babban darasi a nan shi ne tattalin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Umarnin da ya yi aiki lafiya a kan layi dubu yana iya sandarar da na'ura a kan layi biliyan. Gwani yana karanta fayil layi-layi, ya sarrafa ya wuce, kamar mai awon hatsi da mudu wanda ba ya ƙoƙarin ɗaga rumbu. Yana matse fayiloli, yana yi musu fihirisa da SAMtools don ya faɗa kai tsaye kan yankin da yake nema, yana kuma raba aiki tsakanin kwamfutoci da yawa su yi shi lokaci guda.

Bayan haka sai tsari. Bincike ba ya karɓuwa sai wani ya iya maimaita shi ya sami sakamako iri ɗaya. Shi ya sa ake adana tarihin kowane gyara da Git, ake kuma jera matakan aiki da Nextflow ko Snakemake. Duk wannan ba ya wadatarwa in babu ilimin halitta da ƙididdiga, domin kwamfuta za ta fitar da amsa ko tambayar ba daidai ba ce.

Kayan gwaji suna nan kyauta a intanet. Rumbunan GenBank na Amurka da ENA na Turai a buɗe suke, haka ma bayanan mutum 2,504 na shirin 1000 Genomes, da suka haɗa da Yarabawa da mutanen Esan. A Afirka, shirin H3ABioNet da Jami'ar Cape Town ta jagoranta ya horar da ɗalibai a ƙasashe da dama, kuma cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede ta taka rawa wajen fitar da jinom ɗin ƙwayar korona na farko a nahiyar a Maris 2020. Hanyar da ta fi dacewa ga mai farawa ita ce ya ɗauki ƙaramin jinom, kamar na baktiriya mai haruffa miliyan kaɗan, ya bi shi daga FASTQ har VCF kafin ya tunkari na ɗan Adam.