Na'urar bogi da aka ba amanar rayukan mutanen Bagadaza

Shekaru da dama, duk wanda ya bi ta shingayen bincike na birnin Bagadaza yakan ga jami'in tsaro yana zagaya motoci riƙe da wata 'yar na'ura mai ƙotar roba da eriya irin ta rediyo. An ce idan akwai bam a mota, eriyar za ta juya da kanta ta nuna inda yake.

Sunan na'urar ADE 651, kuma wani ɗan kasuwar Birtaniya mai suna James McCormick ne ya riƙa sayar da ita, a wasu lokutan kan dala dubu 40 kowace guda. Gwamnatin Iraƙi ta kashe miliyoyin daloli wajen sayenta, haka kuma an sayar da ita a wasu ƙasashe da suka haɗa da Kenya da Jamhuriyar Nijar.

Na'urar dai ba ta da batir. Masu tallarta sun ce lantarkin jikin mai riƙe da ita ne ke ba ta ƙarfi, kuma wani kati da ake sa mata ne ke sa ta gano bam ko miyagun ƙwayoyi daga nesa.

Abin da ke motsa eriyar

Masana kimiyya sun daɗe da sanin irin wannan lamari. Tun a 1852 wani masani ɗan Ingila, William Carpenter, ya bayyana yadda tunanin mutum kan sa tsokar jikinsa ta ɗan motsa ba tare da ya sani ba. Eriyar da ke juyawa a sake ba ta bukatar fiye da ɗan karkacewar hannu. Saboda haka idan jami'i ya zargi wata mota, eriyar kan nufe ta, shi kuwa ya yi imani cewa na'urar ce ta yi aiki. Haka abin yake ga masu neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da reshen itace a Turai.

Hanyar tantance gaskiya kuwa ba ta da tsada. Sai a jera akwatuna 10, a ɓoye sinadarin bam a ɗaya, ta yadda mai riƙe da na'urar da mai lura da shi duk ba su san wanne ba ne, sannan a maimaita sau da yawa. Mai canki-canki zai dace kusan sau ɗaya a cikin 10. Na'urar gaskiya tilas ta zarce haka nesa ba kusa ba. A 2002 cibiyar bincike ta Sandia a Amurka ta gwada wata na'ura makamanciyar wannan, ta tarar ba ta fi canki-canki ba.

A 2008 James Randi, tsohon mai wasan rufa ido wanda ya shahara wajen fallasa masu da'awar abubuwan al'ajabi, ya yi tayin dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya tabbatar da aikin ADE 651 ta hanyar gwaji. Babu wanda ya karɓi kuɗin.

Yadda asiri ya tonu

A watan Janairun 2010 wani shirin talabijin na BBC ya kai katin ga masani a Jami'ar Cambridge, wanda ya gano cewa babu komai a ciki sai ɗan maƙalen da kantuna ke liƙa wa kaya don hana sata. Birtaniya ta hana fitar da na'urar zuwa Iraƙi da Afganistan. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure McCormick shekaru 10 bisa laifin zamba, bayan ta ji cewa ya kwaikwayi na'urar ne daga wani abin wasa na neman ƙwallon golf da ake sayarwa kimanin dala 20 a Amurka.

Duk da haka an ci gaba da amfani da ita a Iraƙi. Sai bayan harin unguwar Karrada a watan Yulin 2016, wanda ya hallaka mutane fiye da 300, firaministan lokacin, Haider al-Abadi, ya ba da umarnin janye ta daga shingayen bincike, shekaru shida bayan an buɗe katin an ga abin da ke ciki.