Shinkafar Malanville da darasin Japan

Ranar da na shiga ajina na CM1 riƙe da ƙunshin tsinken tsire, yara sun zaci nama na kawo. Darasi ne na zo da shi, a kan yadda ake cin abinci a Japan.

Shinkafa ce ta jawo. Garinmu Malanville na nomanta a fadamar kogin Kwara, amma kullum aka tashi daga abincin kantin makaranta, sai ka gan ta warwatse a ƙasa, kaji na ta biki. Ga shi tun da aka rufe gadar Gaya a 2023 kasuwa ta ja baya, wani yaron wannan kwano ne abincinsa na kirki a yini. Na yi faɗa har na gaji.

Sai na ba su labarin 'yan firamare na Japan: su ke zuba wa junansu abincin rana a cikin aji, malami ya ci tare da su, sannan su share wurin. Tun 2005 ƙasar ke da doka kan tarbiyyar cin abinci. Kafin a sa hannu akan ce "itadakimasu", wato na karɓa da godiya, har da manomi da mai girki. In an gama, "gochisosama". Barin ƙwayar shinkafa a kwano kuwa rashin ladabi ne. Na ƙara musu da cewa ɗan ƙasarmu Rufin Zomahoun, wanda ya yi jakadan Benin a can, ya buɗe makarantar koyon Japananci a Kwatano.

Na raba tsinke bibbiyu, a madadin sandunan cin abincinsu da suke kira hashi. Aka yi ta fama ana dariya. Wata yarinya ta ce, "Malam, wanda ya sha wannan wahala ai ba zai zubar ba!"

Kashegari sai ga kakan wani yaro. "Malam, wace addu'a ce kake koya musu?"

Na ce, "Baba, bisimillarmu na nan daram. Wannan kalmar godiya ce ta mutanen wata ƙasa."

Ya yi shiru, can ya ce, "To ai mu ma da muna yara, wanda ya zubar da hatsi sai ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya."

Na roƙe shi ya shigo aji ya maimaita musu, ya kuwa shigo. Yanzu yara huɗu ke rabon abinci kowane mako, bi da bi, su kuma ke duba ƙasa in an gama.