Yadda ake sabunta tsohuwar manhaja ba tare da asara ba

Mai karatu, ma'aikatu da yawa suna lissafin albashi da rajista da tsofaffin manhajoji, wasu a harshen COBOL da aka ƙirƙiro a 1959. A 2020, lokacin annobar korona, masu neman tallafin rashin aiki sun fi ƙarfin tsohon tsarin jihar New Jersey ta Amurka, har gwamna ya yi shelar neman masana COBOL.

Duk da haka, kada ka gaggauta watsar da taka, domin ƙa'idodin aikin ma'aikatarku a cikinta suke, galibi ba a rubuta su wani wuri ba. Hanyar MDA, wadda ƙungiyar OMG ta gabatar a 2001, da taswira take farawa:

1. A binciki tsohuwar manhajar, a zana taswirar bayananta da ƙa'idodinta.
2. Tsofaffin ma'aikata su duba taswirar, su gyara.
3. Daga taswirar, kwamfuta ta fitar da ginshiƙin sabuwar manhaja, kowane aiki ya zama hidimar da wasu manhajoji za su nema ta intanet.
4. A gudanar da tsohuwa da sabuwa tare, a kwatanta sakamakonsu, kana a rufe tsohuwar.

Ka adana taswirar da kyau: ranar da fasaha ta sake canzawa, daga gare ta za a sake gini.