Masu tafiya da ɗakinsu a cikin mota: labarin duwatsun Alp

A ƙasar Faransa, da zarar watan Yuli ya kama, hanyoyin da ke hawa duwatsun Alp sai su cika da waɗansu fararen motoci masu kama da akwati. Faransawa suna kiran irin wannan mota kampin-kar, mu kuwa sai mu ce mota mai ɗaki, domin a cikinta akwai gado, da murhun gaz, da wurin wanka, da masai, da tankin ruwa mai cin kimanin lita 100. Mai ita kamar kunkuru yake: inda dare ya same shi, nan ne gidansa.

Asalin al'amarin hutu ne. A shekara ta 1936 doka ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako 2 tare da albashi, a 1982 kuma aka kai shi mako 5. Wanda ba shi da kuɗin otel ya fara da tanti, daga baya aka shiga sa gado a cikin ƙananan motoci irin Combi ta kamfanin Volkswagen. Galibin motocin nan ba su wuce tan 3 da rabi ba, kuma da gangan ake ƙera su haka, domin permin tuƙa ƙaramar mota ya ishi mai su.

To amma dutse ba ya wasa da direba. Mashigar Galibiye tana kan tudu mai tsawon mita 2642, ta Izeran kuwa ta haura mita 2700, kuma dusar ƙanƙara kan rufe su duka biyu tun daga kaka har wajen watan Yuni. Hawa yana gajiyar da inji, amma gangara ta fi haɗari. Wanda ya dogara ga burki kaɗai, da nauyin tan 3 a bayansa, burkin zai yi zafi har ya daina kamawa. Shi ya sa masu hankali ke sauka a giya ta biyu, su bar inji ya riƙe motar. Sanyi ma yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowane mita 1000 da aka hau, har gaz irin na butan ya ƙi fita daga kwalba idan ruwa ya soma daskarewa, sai an koma ga na furofan. Ko tukunya ba ta tsira ba: a mita 2000 ruwa yana tafasa a digiri 93, saboda haka shinkafa takan daɗe ba ta nuna ba. Tun daga 2021 kuma doka ta tilasta wa direbobi a gundumomin duwatsu su sa tayoyin sanyi ko su riƙe sarƙar taya, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Duk wannan matsalar direba ce, kuma ana koyon ta. Wadda ta fi wuya ita ce ta mutanen gari.

Ka duba da kyau, ya mai karatu. Baƙon da ya sauka otel yana biyan ɗaki, yana cin abinci a gari, ana ɗaukar yara aiki saboda shi. Mai mota mai ɗaki kuwa yakan cika motarsa da abinci a babban kanti tun yana ƙasa, ya hau dutse, ya kwana kyauta a bakin hanya. Abin da yake bukata a ƙauye biyu ne: ya ɗebi ruwa mai kyau, ya zubar da mai dauɗa, har da na masai, wanda akan zuba wa magani. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar takan bar shara. Makiyayan da ke kai shanu da tumaki saman dutse da bazara sukan tarar an tsaya musu a kan ciyawar da suke jiran yanka domin ajiyar hunturu. Lokacin tseren kekuna na Tur da Faransa, hanyar Alp d'Uwez mai kwana 21 takan cika maƙil da motocin nan kwanaki kafin ƴan tseren su iso.

A idon doka mota mai ɗaki mota ce kamar kowace. Tana iya tsayawa inda ƙaramar mota ke tsayawa, har kwana 7 a wuri ɗaya, in dai magajin gari bai rage wa'adin ba. Amma da zarar mai ita ya fitar da tebur da kujeru ya buɗe rumfa, to ya kafa zango ke nan, wata doka kuma ta hau kansa. Magajin gari ba shi da ikon hana su faɗin ƙasarsa gaba ɗaya ba da dalili ba, kuma kotuna sun sha soke irin wannan hani. Sai waɗansu suka koma ga dabara: su gicciya ƙarfe a ƙofar wurin ajiye motoci, tsawonsa kimanin mita 2, alhali motar ta kusa mita 3. A ganina wannan ba magani ba ne, tura matsala ce zuwa ƙauyen gaba.

Garuruwan da suka yi tunani sun keɓe fili kusa da kasuwa, suka ja famfo, suka gina ramin zubar da ruwan dauɗa, suna karɓar ɗan kuɗi a kowane dare. Wanda ya kwana kusa da gidan burodi da safe zai sayi burodi. Akwai kuma tsarin France Passion, wanda aka kafa a 1993, inda manomi ke ba baƙo wurin kwana ɗaya a gonarsa kyauta, ba tare da tilas ya sayi kome ba, sai dai da wuya mutum ya kwana kusa da cuku ya tafi hannu banza. A tsakiyar gandun Banuwaz kuwa, wanda aka kafa a 1963, ba a yarda mota ta kafa zango ba sam.

Mu ma a Nijar mun taɓa ganin irin baƙin nan. A shekarun 1970 da 1980 Turawa sun riƙa ratso hamada daga Tamanrasat, su shigo ta Asamaka da Arlit zuwa Agadas, waɗansunsu cikin manyan motocin da suka mayar ɗaki. Masu ƙarfin taya su ne ke shiga duwatsun Abzin, su nufi Iferwan da Timiya, ko gindin Bagzan mai tsawon mita 2022. A 1988 gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere, a 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Tawayen da ya fara a 1990 ya katse zuwan baƙi, suka ɗan dawo bayan sulhun 1995, kana tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a 2010 suka sake korar su, ƴan rakiya da maƙeran azurfa na Agadas suka rasa ciniki.

Ma'aikatan da ke tsara dawowar baƙi wata rana ya kamata su fara lissafi daga rijiya. A Alp ruwa yana gangarowa daga ƙanƙara, duk da haka ana gardama a kansa. A Timiya kuwa daga rijiya ake jawo shi domin ban ruwan lemo da dabino, kuma tankin mota guda bido 5 ne masu cin lita 20. Ayarin mota 10 da ya yi zango dare ɗaya zai ɗebi bido 50, kuma wajibi ne a san tun kafin su iso wanda za a biya kuɗin ruwan, da ramin da za su zubar da na masai nesa da lambuna.